Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Damagaram Da Mai Girma Gwamnan Jahar Zinder, A Kan Iyaye Mata Masu Rainon Yara Masu Otizim

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Mai Martaba, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara wa masarauta daraja. Mai girma Gwamna, Allah ya taya ka riƙon jama'a. Ina miƙa gaisuwa gare ku, da daraktocin lafiya da na ilimi na jaha, da masu unguwanni, da limamanmu, domin maganar da na zo da ita sai ta bi ta ƙofar kowannensu.

Ni uwa ce. A wannan birni aka haife ni, a nan kuma nake aure. Cikin ƴaƴan da Allah ya ba ni akwai mai larurar otizim, wadda ake ji a rediyo ana ce mata galahanga. Ba kuɗin magani na zo roƙo ba, don larurar ba ta da ƙwayar da za a haɗiya a wayi gari an warke. Kukan matan da ke rainon irin waɗannan yara a Damagaram na kawo. Aikin likita, da na malami, da na mai gadi, da na mai fassara abin da yaro ke nufi, duk an tattara an ɗora wa mace ɗaya, sannan aka juyo ana tuhumarta wai ita ta jawo. Wannan tuhuma da wannan kaɗaici sun fi larurar kanta karya mu, kuma su ne abin da Allah ya ba ku ikon sauƙaƙawa.

Yaron da nake magana a kansa ba a gane shi da kallo ɗaya. Ba gurgu ba ne, ba makaho ba ne, wani lokaci ma jikinsa ya fi na tsaransa ƙwari. Amma a kira sunansa ba ya waigowa, har a zaci kurma ne, sai kuma a ga motsin leda daga cikin ɗaki ya fito da shi a guje. Ba ya nuna abu da yatsa don uwarsa ta gani. Shekara biyu ta wuce, uku ta wuce, babu "inna" babu "baba", ko kuma ya fara ƴan kalmomi su zo su ɓace. Wani yana magana, amma abin da ya ji aka faɗa shi yake ta maimaitawa. Yakan zauna yana jera murafun kwalba tun hantsi har azahar, in an taɓa guda ɗaya gidan ya rikice. Ƙarar injin markaɗe ko lasifikar biki tana yi masa zafi na gaske, ya toshe kunne ya faɗi yana ihu, masu wucewa su ce rashin tarbiyya ne. Kuma ba dukansu ne iri ɗaya ba. Akwai wanda zai yi karatu har jami'a, sai dai mu'amala da mutane ta riƙa yi masa wuya. Akwai wanda har girmansa sai an yi masa wanka an ba shi abinci. Bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ta ginu tun yaro yana ciki, kuma da shi zai rayu. Abin da ke canzawa, kuma yana canzawa ƙwarai, shi ne abin da zai iya yi wa kansa idan an fara koya masa da wuri.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa yin kiyasin cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da wannan larura, kuma an fi gano ta ga yara maza, kusan ninki 4 na mata. Ƙidayar 2012 ta nuna jaharmu ta fi kowace jaha a Nijar yawan jama'a, da mutum sama da miliyan 3 da rabi, kuma kusan rabin mutanen ƙasar nan ba su kai shekara 15 ba. Duk wanda ya buga wannan lissafi zai ga cewa ko da alƙaluman wancan lokaci ana maganar yara fiye da 15,000, daga Tanut zuwa Magarya, daga Gure zuwa Matamai. In an tambaya ina suke, suna bayan ƙyaure. Kowane ɗaya kuma akwai mace zaune tare da shi.

Ina so ku san yadda ranar wannan mace take. Da yawa cikin yaran nan ba sa barci kamar sauran yara, sai tsakar dare su farka su tashi gidan, ita kuma da asuba aikin gida yana jiranta. Idonta ba ya barin ƙofa, domin yaron bai san haɗari ba. Ƙyaure in ya buɗe kaɗan ya fice, babu tsoron kabu-kabu, babu tsoron mota, in ya ɓace kuma ba zai iya faɗin sunansa ko na unguwarsu ba. Da damina abin ya fi tsanani, saboda da yawansu ruwa yana jan hankalinsu, ga tabkuna a cike a tsakiyar unguwanni. A ƙasashen da ake ƙirga irin wannan, nutsewa a ruwa na kan gaba cikin abin da ke kashe yara masu otizim da suka sulale daga gida. Da bazara kuma wata wahalar ce. Kowa ya san yadda ruwa yake a Damagaram. Yaro ɗan shekara bakwai ko takwas da bai iya kewayawa da kansa ba yana nufin wanki safe da yamma, yana nufin ƙarin jarka daga hannun ƴan ga-ruwa a lokacin da kuɗinta ya fi tsada.

Sana'a kuwa sai ta mutu. Mai tuyar awara ko ƙosai ba za ta ɗora kaskon mai a wuta ba ga yaron da zai iya tsoma hannu. Mai kitso ba za ta zauna kan kai ɗaya awa biyu ba. Wadda ta daure ta ci gaba, sai ta ga masu saye suna janyewa, an fara raɗa cewa gidan nan akwai ɗan ruwa.

Amma abin da ya fi ci mini rai, Mai Martaba ya fi ni saninsa, shi ne rayuwar mace a ƙasar Hausa a kan zumunci take tsaye. Ki je sunan wata, ta zo naki. Ki kai gudummawa, ranar da taki hidimar ta taso a mayar miki har da ƙari. Wajen barka, wajen biki, wajen gaisuwar mutuwa, wajen zubin adashe, nan mace ke samun rance, nan take jin inda hatsi ya yi sauƙi, nan take sauke abin da ke ranta. Talakar mace ba ta da wata ajiya da ta wuce wannan. To uwar mai otizim a hankali take fita daga cikinsa. In ta je da yaron, hayaniya ta tayar masa da hankali, ya kifar da kwanon wani, ido ya dawo kanta, wata mai ciki ta ja zanenta ta kauce. In ta ce za ta bar shi a gida, babu mai karɓa. Sai ta daina zuwa. In ta daina zuwa sai a daina zuwar mata, a ce ta cika girman kai. Shekara biyu ko uku, mace mai dangi da ƙawaye ta wayi gari ba ta da wanda za ta aika wa ko neman gishiri. Wanda ke biyan sauran bashin kuma ita ce babbar ƴarta, wadda ake cirewa daga makaranta don ta riƙa tsaron ƙaninta.

Ba zan zalunci maza ba. Na san iyaye maza da ke goya ɗansu su zaga da shi don uwar ta runtsa, Allah ya saka musu. Amma da yawa suna ci-rani, a Najeriya ko Agadas ko Libiya, wasu kuma suna gida amma kunya ta sa sun ɗauke kai. Akwai wadda aka yi wa kishiya da sunan neman lafiyayyun ƴaƴa. Akwai wadda aka ba takardarta, aka haɗa ta da yaron, ba ciyarwa ba leƙe, ta koma gidan tsohuwarta da ita ma a kan taimako take.

Dalilin da ake kafawa kullum ɗaya ne: daga wajenta ne. Ta fita da magariba tana da ciki. Ta zubar da ruwan zafi ba bisimilla. Danginta ne masu iska. Ta sangarta shi. Ina so a ji wannan da kyau, domin ba mu kaɗai muka taɓa faɗawa wannan kuskure ba. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana larurar a rubuce a 1943, kuma shekaru da dama bayan haka manyan likitocin can suna cewa rashin ƙaunar uwa ke kawo ta. An sa mata da yawa kuka a kan ƙarya. Sai a 1977 wani bincike da aka yi a Ingila a kan tagwaye ya nuna cewa gado ne ke da babban kaso, binciken da ya biyo baya kuma ya ƙara tabbatar da haka. Gadon nan ta wajen uba yana zuwa, ta wajen uwa yana zuwa. An kuma gano cewa haihuwar bakwaini, da wahala mai tsanani wajen haihuwa, da yawan shekarun uba ko na uwa, suna iya ƙara yiwuwar samunta. Babu inda aka samu cewa halin uwa ko tarbiyyarta ne sanadi. Haka zancen allurar rigakafi. Rahoton da ya haddasa wannan jita-jita a Ingila a 1998, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010, aka kuma hana likitan da ya rubuta shi aiki. An bincika yara masu ɗimbin yawa a ƙasashe daban-daban ba a ga wata alaƙa ba. A ƙasar da ƙyanda ke kashe yara har yanzu, barin wannan magana ta yaɗu asarar rayuka ce.

Da yake ba wanda ya gaya wa uwa gaskiyar abin da ke damun ɗanta, sai ta shiga yawon neman magani. Akuya ta tafi, kwanukan jere su tafi, ɗan kunnen aure ya tafi. Wannan ya ce sammu ne, wancan ya ce a kawo baƙin zakara. Mai ɗan hali ta nufi Kano, ko ta kama hanyar Yamai mai kusan kilomita 900, da yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya, saboda ƙwararrun wannan fanni ƴan kaɗan ne a ƙasar, mafi yawansu kuma suna can. Ni mai addu'a ce, kuma ban taɓa daina yi wa ɗana tofi ba. Amma dukan yaro da sunan fitar da aljani, da turara masa hayaƙi har ya shiɗe, da sa masa mari a ƙafa, wannan zalunci ne ko wane ne ya yi shi. Wani abin takaicin, da yawa cikin yaran suna da farfaɗiya tare da otizim, ita kuwa farfaɗiya tana da magani a asibiti mai rage ta ƙwarai, amma sai a shekara ana hayaƙi ba a kai yaron an duba ba.

Mai Martaba, Allah ya ba ka nasara, a nan nake fara roƙo. Tun kaka da kakanni, garuruwan Hausa ba su bar masu larura babu bakin magana ba. Makafi suna da sarkinsu, guragu suna da nasu, kutare suna da nasu, kuma ta bakinsu kuka ke isa fada. Yaranmu ba su da kowa. Ba za su iya yi wa kansu magana ba, iyayensu mata kuma kunya da tsaron ƙofa sun hana su fita. Wannan birni ya san abin da ware mutane ke haifarwa. Kara-Kara unguwa ce da aka keɓe wa masu cutar kuturta a da, ga shi cutar ta samu magani tuntuni, amma jikokinsu har yau suna fama da tabon sunan unguwar. Abin da ake yi wa yaranmu keɓewa ce ita ma, sai dai a cikin gida ake yin ta, inda ba mai gani.

Kalma ɗaya daga fada ta fi taron bita goma. In Sarki ya tara hakimai da masu unguwanni ya ce musu yaro irin wannan ba ɗan ruwa ba ne, ba abin ɓoyewa ba ne, kuma uwarsa ba ta da laifi, maganar za ta shiga zaurukan da ma'aikacin lafiya ba zai taɓa shiga ba. Mai unguwa ya san gidajen da ke da irin yaran, ya sanar da matasan majalisun hira da ƴan kabu-kabu na unguwar, ta yadda in an ga yaron shi kaɗai ya nufi titi ko tabki za a riƙo hannunsa a mayar da shi gida, maimakon a bi shi da jifa ana ihu. Wannan ba ya cin ko dala.

Rikicin aure da yawa a gabanku da gaban wakilanku ake sasanta shi. Ina roƙon duk lokacin da aka kawo rabuwar da akwai irin wannan yaro a tsakani, kada a tashi sai an yanka abin da uba zai riƙa bayarwa, an kuma sa wanda zai bi sawu. Allah Maɗaukaki ya faɗa a Suratul Baƙara, aya ta 233, cewa ciyarwa da tufatarwa suna kan uba, kuma kada a cutar da uwa saboda ɗanta. Ina fatan jin limamanmu sun ɗauki wannan aya a huɗubar Juma'a sun kira larurar da sunanta. Su tuna wa jama'a hadisin Anas da ke cikin Sahihu Muslim, na matar nan mai larura a hankalinta da ta tare Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ce tana da buƙata. Bai kauce mata ba. Ya ce ta zaɓi duk hanyar da take so, ya tsaya tare da ita har buƙatarta ta biya. Mazan da ba sa jin maganar matansu suna jin ta liman.

Kuma muna da abin da wasu ba su da shi. Makarantun mazaje, inda magidanta ke zama su tattauna lafiyar iyalinsu, a wannan jaha aka fara su wajajen 2008 da goyon bayan sarakuna da UNFPA, wato asusun Majalisar Ɗinkin Duniya kan yawan al'umma, daga nan suka bazu har wasu ƙasashe suka kwafa. Sun sa maza sun riƙa tura matansu awo da haihuwa a asibiti. Me zai hana a ƙara musu darasi a kan yaron da bai yi magana ba, da haƙƙinsa a kan ubansa?

Mai girma Gwamna, naka ɓangaren na doka ne da na aiki. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa a 2008, kuma a watan Disamba na 2019 an kafa dokar da ta shimfiɗa ƙa'idojin shigar da su cikin al'umma. Amma idan ana rabon kekuna da sanduna ranar masu naƙasa ta ƙasa, 31 ga Yuli, ko ta duniya, 3 ga Disamba, ba a tuna da larurar da ba a gani da ido. Ina roƙon a sa yaranmu cikin lissafi da sunan larurarsu, a kuma ba iyayensu kujera a duk inda ake zama da ƙungiyoyin masu naƙasa.

Wurin farawa shi ne awo. Babu inda hukuma ke haɗuwa da uwa da ɗanta kamar nan. Ana auna nauyi, ana auna damtse, ana duba katin allura, amma ba a tambaya ko yaron yana waigowa in an kira shi, ko yana nuna abu da yatsa, ko yana kallon idon uwarsa. Akwai takardar tambayoyi 20 da ake amfani da ita a ƙasashe da yawa ga yara ƴan wata 16 zuwa 30, amsarta "e" ko "a'a" ce, ba ta buƙatar na'ura. A mayar da ita Hausa da Barbarci da Fulatanci, a riƙa yin ta lokacin da aka kawo yaro allurar ƙyanda ta biyu. Ba ita ce ke yanke hukunci ba, tana nuna wanda ya kamata a ƙara dubawa ne, a fara da gwajin ji. Sannan a koya wa ma'aikacin yadda zai gaya wa uwa. "Zai yi magana, wasu yaran haka suke" ta cinye wa da yawa daga cikinmu shekarun da suka fi amfani. Gara a gaya mini gaskiya da tausasawa, a kuma gaya wa mijina a gabana, don in ba daga bakin likita ya ji ba, ba zai yarda ba.

Kada a ce sai an samu ƙwararru tukuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara wani horo musamman don wurare irin namu, na iyayen yara ƴan shekara 2 zuwa 9 masu jinkirin girma ko otizim. Zama 9 ne a rukuni, da ziyara 3 a gida, kuma ma'aikacin jinya ko wakilin lafiya na unguwa da aka horar shi ke bayar da shi. An gwada shi a ƙasashe fiye da 30, har da Habasha da Kenya. Ana koya wa uwa yadda za ta mayar da wanka da cin abinci da wasa su zama darasi, yadda za ta gane abin da ke tayar da yaron kafin ya tashi, yadda zai nuna mata yana son ruwa ko da hoto ne ko da hannu, da yadda ita kanta za ta kula da ranta. A Zinder muna da Babban Asibitin Ƙasa, muna da cibiyar lafiyar uwa da yaro, muna da makarantar horar da ma'aikatan lafiya ta ENSP, muna da Jami'ar André Salifou. Masu koyarwa da wurin koyarwa duk suna nan. Umarni ya rage, da ɗan kasafi. Amfanin zaman rukunin ma ya wuce darasin da ke cikinsa, domin ranar da uwa ta fara ganin wata mace mai irin ɗanta, ranar take fara yarda cewa ba tsinuwa ba ce a kanta.

Tun 2006 ake duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a asibitocin gwamnati, mun gode. Sai dai yaranmu yawanci a daidai wannan shekarun ake gane larurarsu, wato ana ganewa kyautar tana ƙarewa. A duba yadda za a tsawaita musu, ko da a kan maganin farfaɗiya ne kawai da ganin likita. Haka shirin tallafin kuɗi da aka fara a 2011 da taimakon Bankin Duniya, wanda ya riƙa ba matan gidaje marasa ƙarfi jikka 10 a wata. Duk lokacin da za a zaɓi gidaje a irin wannan shiri, macen da rainon mai larura ya hana ta sana'a ta cancanci shiga sahun farko.

Sai makaranta. Na kai ɗana wata makaranta aka karɓe shi, ba a jima ba aka ce in zo in ɗauke shi, yana hana sauran karatu. Ban riƙe malamar a zuciya ba. Aji cike maƙil, ita kaɗai, ba wanda ya taɓa koya mata ko kalma ɗaya a kan irin wannan yaro. Makarantar horar da malamai ta Askia Mohamed tana nan cikin gari, a sa wannan darasi a cikin karatunsu. Garin da ya iya riƙe makarantar kurame zai iya ware aji ɗaya a kowace gunduma cikin gundumomi 5 na birni, mai yara kaɗan da malami da mataimakiya. Wasu yaran daga nan za su wuce aji na kowa da kowa. Wasu ba za su wuce ba, amma za su koyi sa riga da wanke hannu da zama da mutane. Uwa kuma ta samu awa uku ko huɗu da za ta je kasuwar Dole, ko asibiti don nata ciwon, ko ta kwanta ta yi barci. Ina roƙon kada a raina wannan. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna iyaye matan yara masu otizim sun fi sauran iyaye faɗawa cikin ciwon damuwa. Mu a nan ba ma kiransa da suna, sai dai a ga mace ta rame, ta daina magana, hawan jini ya kama ta tana da ƙuruciyarta. Abin da ke hana ta barci ko a daren da yaron ya yi barci shi ne tambayar da kowaccenmu ke yi: wa zai riƙe shi bayan raina? Mai ƴa mace kuma tana da ƙarin fargaba, don yarinyar da ba ta iya faɗin abin da aka yi mata ita mugu ke nema.

Mu ma ba za mu naɗe hannu ba. Tsarin Mata Masu Dubara, da aka fara a jahar Maradi a 1991 da taimakon ƙungiyar CARE, matan Nijar ne suka raya shi har ya zama abin koyi a Afirka da wajenta. Mun san asusu, mun san karɓa-karɓa. Mata biyar masu irin wannan yaro za su iya yin karɓa-karɓar raino kamar yadda suke yin ta kuɗi, yau a gidan wannan, gobe a gidan waccan. A Habasha wata uwa, Zemi Yenus, da makarantu suka yi ta korar ɗanta, ita ta buɗe cibiyar Joy a Adis Ababa a 2002, ta kuma sa ƙasar ta fara maganar larurar a fili. Allah ya ba ta hali da ilimin da yawancinmu ba mu da shi, shi ya sa ba daidai ba ne a zauna jiran wata irinta ta fito a Damagaram. Abin da muke buƙata don mu haɗu kaɗan ne: ɗaki mai ƙofa da katanga a cibiyar lafiya ko gidan mata na unguwa, ma'aikaciya guda da za ta riƙa leƙo mu, da ɗan fili a gidajen rediyo da harsunanmu, don matar da ke ƙauyen Mirya ko Dungas ta ji cewa abin da ke damun ɗanta yana da suna, kuma akwai abin yi.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2 ga Afrilu ta kowace shekara don wannan larura, an kuma fara kiyaye ranar tun 2008. Ba maci ko riguna masu tambari nake roƙo ba. Ina roƙon kafin ranar ta zagayo ku kira zama guda, a fada ko a ofishin Gwamna, da likitocin yara, da jami'an ilimi, da limamai, da mu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka a bar iyaye mata su yi magana da bakinsu, da Hausa, kafin a karanta kowane jawabi. A tashi da sunan jami'i ɗaya da za mu riƙa nema, da cibiyar lafiya ɗaya da za a fara gwajin awon da horon a cikinta.

In an sa ranar, a sanar ta rediyo da bakin masu unguwanni, a aika wa na ƙauye kuɗin mota. A sa ta da hantsi, a wuri mai katanga, ba lasifika mai ƙara. Kuma a yi mana izini mu zo da yaran, domin ba mu da wanda za mu bar wa su.

Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya taimaki Gwamna.

Wassalamu alaikum.

Daga wata uwa,
Birnin Zinder, Damagaram.